Ranar da Ƙaramar Uwa Ta Ɓace Daga Cocinmu

Eustache mai kaɗa ƙararrawa ne ya fara ganin gurbin. Ya shiga coci da yamma zai kunna kyandir, ya tarar da dakalin da Ƙaramar Uwa ke zaune a kai tun zamanin kakannin kakanninmu wayam, ba komai sai zoben ƙura. Maimakon ya je ya gaya wa Fada, limamin cocin, a hankali kamar mai tunani, sai ya hau hasumiya ya kama igiya ya yi ta kaɗawa kamar gari ya kama da wuta. Kafin in cire hannuna daga kwaɓin burodi, duk garinmu Aubrecourt ya taru a bakin coci.

Ƙaramar Uwa mutum-mutumin dutse ce ta Maryamu riƙe da jaririnta, tsawonta bai fi kamu guda ba. Ba wani kyau gare ta ba, hancinta ma ya guntule. Amma duk uwar da ɗanta ya kwanta da zazzaɓi a garinmu, takan jiƙa ƙyalle ta shafa a gwiwar dutsen, ta je ta goge wa yaron goshi, sannan ta dawo da ƙyallen ta sake shafawa a gwiwar. Shafar ta yi yawa har gwiwar ta lotsa tana sheƙi. Ni kaina na yi wa 'ya'yana, kuma ban ji kunyar faɗi ba.

Ba a ɗauki lokaci ba wajen samun wanda za a ɗora wa laifi. Baƙo ɗaya ne a garin, kuma a masaukina yake kwana.

Sunansa Monsieur Marchais, mai ɗaukar hoto. Ofishin kula da tsofaffin gine-gine a Paris ne ya turo shi, don hasumiyarmu ta tsage daga sama har kusan rabi, kuma da hotunan za su duba ko cocin ya cancanci gyara. A wancan zamani yawancinmu ba mu taɓa ganin hoto ba. Mutumin siriri ne, yatsunsa baƙi ƙirin saboda ruwan magungunansa, kuma ya ƙarar mini da ƙwan kasuwa kaf. Farin ƙwai kawai yake so, da shi yake shafe gilasan da hoto ke kamawa a kai. Gwaiduwar kuwa ya bar mini, har sai da masu cin abinci a wurina suka fara roƙona in daina yi musu kayan zaƙi.

"Shi ne," in ji Léandre magini, yana nuna shi da haɓa. "A garin surukaina haka aka yi. Mai akwatin hoto ya zo, ya tafi, sai ga mutanen Paris sun kwashe tsofaffin waliyyai sun dasa sababbi masu fuska kamar ta 'yan kanti. Wannan ma ya rage musu wahala ne."

Magajin gari, Gaudry, ya tambayi baƙon inda yake da tsakar rana. Ya ce ya kafa akwatinsa a cikin coci, ya buɗe masa ido, ya zo wurina cin abinci, don cikin coci duhu ne, sai an bar gilashin ya daɗe yana shan haske. Da ya koma ya rufe ya kwashe kayansa.

"Kuma ba ka lura dakalin ba kowa ba?"

"Ranka ya daɗe, taga nake kallo, da yadda bakan ginin ya tashi ya haɗe a sama. Ban duba kusurwa ba."

Jama'a suka yi dariyar da ba ta da daɗi. Wata ta ce a fasa akwatin. Gaudry ya sa aka kulle kayan a ofishinsa, aka kulle mai kayan a ɗakin sama na masaukina, ya aika a kira jandarmomi, wato 'yan sandan lardi, su zo washegari da yamma su tafi da shi. Na san in suka tafi da shi sunansa ya ɓaci ke nan, aikinsa ma ya mutu. Mutum ne da ke gode mini ko ruwa na miƙa masa, don haka raina ya ɓaci ƙwarai.

*

Da sassafe na aika a kira Baba Anselme.

Anselme mai gadin dajin gari ne. Ya tsufa yana bin sawun kyarkeci da aladen daji da ɓarayin itace, kuma ban taɓa ganin mutum mai kallon ƙasa irinsa ba. In ya gaishe ka, ƙafarka yake fara duba kafin fuskarka. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa yin kamar ya iya ba. Na ba shi kofi da burodi na ce, "Baba, baƙon nan bai yi ba."

"Ke kin ga bai yi ba, Honorine?"

"Mutumin da ba ya iya ɗaga tulun ruwa sai ya huta?"

"To, mu je mu tambayi ƙasa," in ji shi. Na cire atamfar aikina na bi shi, don ba zan zauna a ba ni labari ba.

A cikin coci ya durƙusa gaban dakalin ya daɗe. Ya shafa gefensa, ya shinshina yatsunsa.

"Ba a sa ƙarfe ba," ya ce. "Ba a ja ta ba, ɗaga ta aka yi cak. Kuma dubi nan. An goge ɗigon kyandir da ke gaban dakalin. Ɓarawo mai sauri ba ya tsayawa shara."

"Ma'ana?"

"Ma'ana wanda ya ɗauke ta yana ganin girmanta."

Muka fita ta ƙaramar ƙofar da ke kallon maƙabarta. Taron jiya ya tattake hanyar ta zama kamar turken shanu. Ya yi tsaki, ya bi gefen katanga inda ciyawa ta kare 'yan sawaye. Ya riƙa kiran sunayen masu su kamar yana gaishe su. Wannan na Fada ne, wannan na matar mai niƙa, wannan na Eustache da gudu. A wani wuri ya tsaya, ya ɗan jima.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Na Perrine ne, matata. Kullum tana nan, tana kawo wa furannin kabarin yaronmu ruwa." Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "Mu je wurin Eustache."

*

Eustache ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Wai da tsakar rana yana gida yana barci.

"Barci kake da gashin tattabara a wuyan riga?" in ji Anselme. "Kuma kashinsu a gwiwar wandonka bai ma bushe ba."

Eustache ya dube ni, ya dubi sama. "Baba, don Allah kada Fada ya ji. Guda biyu kawai na kama a hasumiya, kuma ramammu ne."

"Daga can sama me ka gani?"

"Amalanken Léandre. Ya fito ta bayan coci an lulluɓe shi da buhu, Léandre na ta waige-waige."

Léandre ne ya fi kowa baki jiya, kuma in aka yi odar sababbin mutum-mutumi, shi zai sassaƙa. Muka bi sawun ƙafafun amalanken ta hanyar ma'aikatar dutse. Anselme na tafe yana magana da kansa. A kan gada ya tsaya ya nuna mini inda sawun ya karkace, sannan ya sake karkacewa.

"Dutse ba ya motsi a cikin amalanke," ya ce. "Wannan kayan yana juyi. Yana kuma fitsari." Ya nuna wani ɗigo a kan katakon gadar.

A bayan rumfar Léandre muka tarar da ɗan maraƙi ɗaure. Na matarsa ne, zai sayar ba da saninta ba.

"Madam Honorine, ki rufa mini asiri," in ji Léandre, hularsa a hannu. "Kin san halinta."

"Na san halinta, na kuma san naka. Jiya bakinka ya fi ƙararrawar Eustache ƙara."

"Amma abin da na faɗa gaskiya ne. Na faɗe shi a bakin rijiya tun ranar kasuwa, mata duk sun ji. Paris za ta ɗauke ta."

Anselme ya ɗago kai a karon farko. "A bakin rijiya ka faɗa?"

"Eh mana."

Muka dawo gari. Rana ta riga ta yi tsaka, kuma ba mu da kowa a hannu sai ɓarawon tattabara da ɓarawon maraƙin gidansa.

*

Na kai wa Monsieur Marchais miya, Anselme ya biyo ni. A bangon matattakala hoton farko da baƙon ya yi yana rataye, Anselme ya tsaya a gabansa.

Hoton fuskar cocin ne daga dandali. An haife ni a inuwar ginin nan, a cikinsa aka ɗaura mini aure, amma sai a takardar nan na fara ganinsa. Ƙofofi uku masu tsinin kai, taga mai zagaye kamar fure, ƙananan mutane na dutse jere a saman ƙofa waɗanda idona bai taɓa kaiwa gare su ba, har da wani mai riƙe da kwandon inabi yana murmushi. Ranar da aka rataye shi, tsofaffi sun zo sun yi ta kallo shiru, kamar an nuna musu fuskar mahaifiyarsu tana budurwa. Wannan aiki ne na mai hannu, kuma har yau ina faɗin haka.

Amma abin da ya fi ba mu mamaki daban ne. Ranar kasuwa aka ɗauke shi, dandalin cike da mutane da awaki da amalanke, a hoton kuwa ko kare babu. Eustache ya yanke hukunci nan take cewa akwatin ba ya ganin mai rai, dutse kawai yake gani. Duk garin ya yarda, har da ni. Monsieur Marchais ya yi ƙoƙarin bayani, amma maganarsa ta mutanen Paris ce, da sauri, ba wanda ya tsaya ji.

Anselme ya shiga ɗakin ya cire hula. "Monsieur, ina mutanen kasuwa suka tafi?"

Baƙon bai yi barci ba, idanunsa sun faɗa, amma tambayar ta farkar da shi. "Suna nan, Baba, sun dai yi ta motsi ne. Gilashin a hankali yake kama abu. Wanda ya wuce ba ya barin komai. Wanda ya tsaya cak ya daɗe, shi yake fitowa."

"Kamar ƙasa mai tauri ke nan. Mai gudu ba ya barin sawu, sai wanda ya tsaya."

"Ban taɓa jin an faɗe shi daidai haka ba."

"Gilashin jiya, wanda ka bari yana kallon cikin coci. Yana ina?"

Marchais ya ajiye cokali a hankali. "Yana cikin gidansa na katako, a ofishin magajin gari. Ban wanke shi ba tukuna."

Sai da na yi wa Gaudry tsiya sosai kafin ya ba da kayan. Na ce masa in jandarmomi suka tafi da marar laifi, ni zan ba da labarin a duk kasuwannin lardin, da sunansa a ciki. Muka bar baƙon ya shiga ɗakin ajiyar giyata da kwalabensa, Gaudry na gadin ƙofa yana toshe hanci. Da ya fito, ya ɗora gilashin a kan takarda ya shanya a rana a tagar kicin. Muka zuba ido takardar na yin duhu kaɗan-kaɗan.

*

Labari ya riga ya zaga. Kafin a gama, zauren masaukina ya cika: Fada, Léandre, Eustache, da matan bakin rijiya a jere a bango. Perrine na can ƙarshen benci, hannayenta a cikin mayafi. An ce jandarmomi sun taso.

Marchais ya shimfiɗa hoton a kan tebur. Ginshiƙai sun tashi kamar itatuwan dajin Anselme, suka sunkuya suka haɗe a sama, haske na zubowa daga doguwar taga. A kusurwar hagu ga dakalin. Ƙaramar Uwa na kai, amma ana hango jerin duwatsun bango ta cikin jikinta. Wata mata ta yi alamar gicciye.

"Ba abin tsoro ba ne," in ji Marchais. "Tana nan a farkon lokacin, daga baya aka ɗauke ta. Gilashin ya riƙe duka biyun. Lokacin kuwa ina nan ina cin abinci, Madam shaida ce."

"Ka iya haɗa baki da wani," in ji Gaudry. "Wa ya ɗauka?"

A gaban dakalin akwai wata inuwa dusu-dusu, kamar hayaƙi mai siffar mutum a durƙushe. Ba kai, ba fuska, ba a ma gane mace ce ko namiji. Marchais ya ce mai durƙuson ya daɗe a wurin, amma jikinsa na rawa, watakila kuka yake. A ƙasan inuwar kuwa abu biyu sun fito ras, don su ba su motsa ba: tafin takalman katako, suna kallon akwatin.

Ya miƙa wa Anselme gilashin ƙara girma. Anselme ya sunkuya. Na ga wuyansa ya yi ja, sannan jinin ya janye. Ya daɗe har mutane suka fara gyaran murya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, bai ɗago ba, "a saki baƙon nan. Ba shi da hannu."

"Suna nake so, Anselme."

"Diddigen hagu ya cinye ta gefe, an yi masa faci da fata. Fatar tana da huji uku a jere, don daga maɗaurin bindiga aka yanko ta." Ya ajiye gilashin. "Bindigata ce. Ni na buga facin da hannuna."

Ya ratsa zauren ya je ƙarshen benci ya zauna kusa da matarsa, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Da safe na ga sawunki ya fi nutsewa a fita fiye da shiga," ya ce a hankali. "Na ce wa kaina ruwa kika ɗauko. Na san mai kawo ruwa a zuwa yake da nauyi, amma haka na ce wa kaina. Perrine, ina kika kwantar da ita?"

"A gadon Firmin," ta ce. "Na lulluɓe ta da bargonsa."

Firmin ɗansu ne tilo. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana ƙarami, shekaru da yawa kafin wannan rana.

Ta juya ga magajin gari, muryarta ba ta rawa. "Ƙyallen da na goge masa goshi na ƙarshe, a gwiwar nan na shafa shi. Zufarsa na jikin dutsen. Léandre ya ce za su kai ta Paris su kawo sabuwa. Na ce in ɓoye ta har su gama su tafi. Na ga akwatin a tsaye, amma an ce ba ya ganin mai rai." Ta dubi Marchais. "Monsieur, jiya na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗuwa. Ka yafe mini."

Na yi zaton zai ce mata maganar Léandre ƙarya ce, don ya kwantar mata da hankali. Bai ce ba.

"Madam, ana yin haka a wasu garuruwa, na gani da idona, kuma ba na so. Ba ni da ikon hana su. Abin da na iya shi ne in ɗauke ta kusa-kusa, da guntun hancinta da gwiwar nan, yadda duk wanda ya zo taɓa ta zai san an ga abin da ke wurin." Ya ɗauki gilashin hoton da hannu biyu. "Wannan kuwa, in kuna so, yanzu zan sake shi a ƙasa."

"Kada ka fasa," in ji Anselme. "Shi ya wanke ka."

Fada ya ce a saninsa ba abin da ya bar hannun 'yan coci, don haka bai ga ƙarar da zai shigar ba. Gaudry ya yi ta hura hanci, amma matan bakin rijiya sun zuba masa ido, shi kuma mutum ne mai son zaman lafiya da matan gari. Jandarmomi suka iso, na cika su da kayan zaƙin gwaiduwa, suka juya.

*

Abin bai wuce haka kawai ba. Akwai waɗanda suka riƙa kiran Perrine ɓarauniyar coci a bayan idonta har ta mutu. Ita kuma ta yi damina da hunturu ba ta yi wa mijinta magana ba, sai dai ta ajiye masa abinci ta juya. Bai taɓa kai kuka wurin kowa ba, amma na ga yadda ya rame. Sai wata safiya da bazara ta shigo, ta ajiye takalmanta a gabansa ta ce facin ya saki.

An gyara hasumiyar bayan 'yan shekaru. Ƙaramar Uwa tana kan dakalinta, da guntun hancinta. Ko hotunan Marchais ne suka cece ta, ko dai ba wanda ya damu da ita a Paris, ban sani ba.

Kafin ya tafi, Marchais ya ba Anselme hoton nan na cikin coci. Bayan rasuwar Perrine na kai masa miya, na gan shi rataye a saman gadonsa. Ba a taɓa ɗaukarta wani hoto ba, wannan ne kaɗai. Na ce masa abin tausayi ne da fuskarta ba ta fito ba.

Ya dubi hoton, ya dube ni kamar na faɗi shirme.

"Ga ta nan kuwa," ya ce, ya ɗora yatsa a kan diddigen hagu. "Ni ai da ƙafa na santa."